Zubin Bayani: Yadda A Ke Auna Ɗorewar Aikin Masana'antu da Kwamfuta

1. Dalilin wannan takarda

Mai yiwuwa ne mai karatu ya yi mamakin ganin malamin harshe ya sa baki cikin sha'anin injuna da masana'antu. Dalilina biyu ne. Na fari, malaman kwalejojin horon malamai su kan nemi mu ba su kalmomin da za su koyar da kimiyya da sana'a cikin Hausa, kuma ba shi yiwuwa mutum ya raɗa wa abu suna alhali bai san kamanninsa ba. Na biyu, da na shiga karatun wannan fanni sai na tarar yawancin wahalar da masanansa su ke sha ta harshe ce, watau yadda za a sa mutum biyu, ko kwamfuta biyu, su faɗi kalma guda su kuma nufi abu guda. Wannan kuwa aikinmu ne tun asali.

Sabo da haka zan bayyana abu uku bi da bi: abin da a ke nufi da ɗorewar aikin masana'anta, da yadda a ke shirya bayanin aikin domin kwamfuta ta iya lissafa shi, da kuma wuraren da lissafin ya ke da rauni. Daga ƙarshe zan kawo shawara a kan kalmomi, domin malamai su duba su gyara.

2. Ɗorewa da ƙarko

Maganar ɗorewa ta bazu a duniya ne tun daga shekarar 1987, sa'ad da wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta shugabanta, ta fid da rahotonta a kan muhalli da ci gaba. Gundarin maganar rahoton shi ne, na yanzu su ci, amma kada su cinye rabon jikoki. Masana su kan raba ɗorewa gida uku: ta muhalli, da ta arziki, da ta zaman jama'a. A wannan takarda ta muhalli kaɗai zan taɓa, don ita ce aka fi ƙwarewa wajen aunawa.

Akwai wani ruɗani da ya kamata malami ya kawar tun da wuri. A Hausa in an ce abu ya ɗore, yaro zai zaci ana nufin abin ya daɗe bai lalace ba. To, wannan ƙarko ne. Ledar da a ke zuba kaya a kasuwa ta kan yi shekaru cikin ƙasa ba ta ruɓe ba, kuma wannan daɗewar ita ce babban aibinta. Ɗorewar da mu ke magana a kai sifa ce ta aiki, ba ta kaya ba. Aikin da za a iya ci gaba da yinsa shekara da shekaru, ba tare da ya ƙarar da abin da ya ke ci ko ya ɓata wurin da ya ke zubar da dattinsa ba, shi ne mai ɗorewa. Ke nan tambayar da a ke yi wa masana'anta ita ce: me ta ci, me ta fitar, kuma nawa ne na kowane?

3. Awon rayuwar kaya

Hanyar da aka fi bi wajen amsa wannan tambaya ita ce a bi diddigin kaya tun daga haƙo ma'adininsu, da sarrafa su, da jigilarsu, da amfani da su, har zuwa ranar da za a yar da su ko a sake narka su. Wannan shi na ke kira awon rayuwar kaya. Binciken da a kan ambata a matsayin na farko shi ne wanda kamfanin Coca-Cola ya sa aka yi masa a Amurka a 1969, domin ya gwada mazubai iri iri na abin shansa. Cikin shekarun da su ka biyo baya kowane mai bincike ya riƙa bin hanyarsa, har ya zama mutum biyu su auna kaya guda su sami amsa biyu masu saɓa wa juna. Domin maganin wannan ne ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya, watau ISO, wadda ke da mazauni a Janiba, ta fid da ƙa'ida mai lamba 14040 a 1997, sa'an nan ta sabunta ta a 2006 tare da 'yar'uwarta mai lamba 14044.

Ƙa'idar ta raba aikin mataki huɗu. Na fari a yanke manufa da iyaka. Na biyu a ƙidaya duk abin da ya shiga da abin da ya fita. Na uku a juya ƙidayar nan zuwa illar da ta ke yi wa duniya. Na huɗu a fassara sakamako.

Mataki na fari shi ne mai wuya, ko da ya ke babu lissafi mai yawa a cikinsa. A ƙaddara ana so a gwada kwalba da gwangwani. In aka ɗauki kwalba guda da gwangwani guda, kwalba za ta fāɗi, don ta fi nauyi kuma ta fi cin wuta wajen narkewa. Amma in kwalbar irin wadda a ke mayarwa ce a wanke a sake cikawa sau da yawa, to, gwajin gaskiya shi ne a tambaya: me a ke ci kafin a kai wa masu sha lita 1,000 ta kowace hanya? Wannan lita 1,000 ita ce ma'aunin amfani, watau aikin da kayan su ke yi wa mutum, wanda a kansa a ke rataya duk sauran lissafi.

Haka kuma iyaka. Narka tsohon alminiyam a sake zuba shi ya kan ci wajen kashi 5 cikin 100 na makamashin da a ke bukata kafin a fid da sabo daga ma'adini. Wanda ya ja iyakarsa a bakin ƙofar masana'anta ba zai ga wannan bambanci ba ko kaɗan, don a wurinsa alminiyam alminiyam ne. Wanda ya ja tasa tun daga ramin haƙa zai ga bambancin ya fi kome girma cikin lissafin.

4. Gaɓar aiki

Awon rayuwar kaya yana da wani gibi a wajen mai masana'anta. Galibi ya kan ɗauki masana'anta dungum, ya ce ta ci wuta kaza ta fid da kaya kaza. Wannan ya ishi mai saye, amma bai ishi injiniya ba, don shi so ya ke ya san wane inji ne ke ɓarna, kuma me zai sāke ɓarnar ta ragu. Sai masana su ka ga ya kamata a datsa aikin masana'anta ƙanana ƙanana, kamar huda, da yanka, da walda, da narkarwa, da fenti, a bayyana kowane shi kaɗai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na ke kira gaɓar aiki, bisa kwatancin gaɓar rake ko gaɓar kalma: ita ce mafi ƙanƙantar yanki mai cin gashin kansa, kuma da haɗuwarsu a ke samun abu cikakke.

Wani abin da ya ƙara jawo hankali ga gaɓar aiki shi ne binciken Timothy Gutowski da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka, wanda su ka gabatar a 2006. Sun nuna wutar da inji ya ke ci kashi biyu ce. Akwai wadda ya ke ci da zarar an kunna shi, ko yana aiki ko ba ya yi, domin famfunan mai da na ruwan sanyaya, da fankoki, da kwamfutar da ke tuƙa shi. Akwai kuma wadda ta ke ƙaruwa gwargwadon yawan ƙarfen da ya ke sassaƙewa. A wani jerin injunan sassaƙa ƙarfe na masana'antar motoci da su ka kawo misalinsa, abin da ya tafi ga ainihin sassaƙar bai kai kashi 15 cikin 100 na wutar ba.

Bari in kawo lissafi na ƙaddarawa, wanda malami zai iya yi a allo. A ƙaddara inji yana cin kilowat 5 da zarar an kunna shi, in ya kama yanka kuma ya ƙara kilowat 2. A ƙaddara kowane ƙarfe yana ɗaukar minti 6 ana yanka shi, sa'an nan inji ya zauna minti 6 a kunne yana jiran na gaba. Minti 12 kashi ɗaya ne cikin biyar na awa, sabo da haka zaman kunne ya ci kilowat-awa 1.0. Yankan kansa, minti 6 a kan kilowat 2, ya ci 0.2. Jimla 1.2 ke nan a kan kowane ƙarfe. To, in injiniya ya sayo sabuwar wuƙa mai tsada wadda ta rage wutar yanka da rabi, abin da ya tsira da shi 0.1 ne. In kuwa ya gyara jerin aiki har jira ya koma minti 3, zaman kunne zai koma 0.75, ya tsira da 0.25 bai sayi kome ba. Wanda ya ɗauki masana'anta dungum ba shi da hanyar ganin wannan.

A Amurka, ma'aikatar gwamnati mai kula da ma'auni, watau NIST, ta yi aiki tare da ƙungiyar ASTM har aka fid da ƙa'ida mai lamba E3012 a 2016, wadda ta nuna yadda za a bayyana kowace gaɓar aiki. Bisa ga wannan ƙa'ida, bayanin gaɓa ya ƙunshi abu biyar: abin da ke shiga, kamar ƙarfe da wuta da ruwa, abin da ke fita, watau kayan da a ke so tare da ɓarɓashi da hayaƙi da zafi, kayan aiki, kamar injin kansa da wuƙarsa da mai tuƙa shi, bayanin kaya da na aiki, kamar kaurin ƙarfe da saurin juyawar inji, sa'an nan na biyar, lissafin da ke nuna yadda abin da ya shiga ya ke rikiɗa ya zama abin da ya fita. Na biyar ɗin nan shi ne ran abin. In babu shi, bayanin labari ne na abin da ya faru jiya. In akwai shi, injiniya zai iya tambayar kwamfuta abin da zai faru in ya sāke sauri ko ya sāke irin ƙarfe, tun bai taɓa injin ba.

5. Zubin bayani, watau nahawun kwamfuta

Yanzu mun iso inda aikin ya shafi masu nazarin harshe. In mutum ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa inji ya sha wuta biyar, ɗan'uwan zai cike gibi da hankalinsa, ko ya tambaya. Kwamfuta ba ta cike gibi. Lalle ne a riga a gaya mata irin abubuwan da za a yi magana a kansu, da sifofin da kowane zai iya ɗauka, da dangantakar da ta halatta tsakaninsu, da ma'aunin kowane adadi. Wannan yarjejeniya ita na ke kira zubin bayani. Na ari kalmar daga maƙeran fari, waɗanda su kan shirya mazubi tukuna sa'an nan su kwarara narkakken ƙarfe ciki, duk abin da ya fito ya fito da kama guda. Masu nazarin adabi ma sun riga sun are ta, da su ke cewa zubi da tsari.

Kamar da ke tsakanin zubin bayani da nahawu ba ni na gano ta ba. Peter Chen, wanda ya fid da wata shahararriyar hanya ta zana zubin bayani a 1976, ya sake wani rubutu a 1983 inda ya nuna cewa sunaye cikin jimla su ne abubuwa, aikatau su ne dangantaka, sifofi kuwa su ne halayen abubuwan. In mu ka ce injin huda yana cin wutar lantarki, inji da wuta abubuwa ne, ci shi ne dangantaka. Zubi zai ƙara sharaɗi, ya ce duk inda aka ambaci ci lalle a faɗi adadi, duk inda aka faɗi adadi lalle a faɗi ma'auni. Bayanin da ya karya sharaɗin nan kwamfuta za ta ƙi shi, kamar yadda kunnen Bahaushe ya ke ƙin jimlar da aka ce mace ya zo.

Masana'antu sun daɗe da sanin bukatar wannan. Tun 1984 aka fara aikin wata babbar ƙa'ida da a ke kira STEP, mai lamba ISO 10303, domin kamfanoni su iya musayar zanen kaya ko da manhajojinsu sun bambanta. Kashinta na fari ya fito a 1994, kuma har harshe na musamman aka ƙaga mata mai suna EXPRESS, wanda ba shi da wani aiki sai rubuta zubi. A yau yawancin zubin da ya shafi muhalli da XML a ke rubuta shi, watau wata hanya ta lulluɓe kowane guntun bayani da alamar da ke faɗin ko shi mene ne.

Wanda ya ke ganin wannan duk ƙaƙale ne, sai ya tuna da abin da ya sami kumbon da hukumar NASA ta aika duniyar Mirriku. A watan Satumba na 1999 kumbon ya ɓace yana isa, bayan tafiyar wata tara. Da aka bincika sai aka tarar wata manhaja tana ba da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin Ingilishi na laba, wadda ke karɓa kuwa tana ɗauka da ma'aunin mita ne. Tsakanin ma'aunin biyu akwai ninki wajen huɗu da rabi. Kowace manhaja lissafinta daidai ne. Adadin ne ya ƙetara daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da sunan ma'auninsa ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudun wani gari ba shi ne na wani ba, kuma in ba a faɗi ko wane mudu ba, ciniki bai ƙullu ba.

6. Aikin manhaja

In an zuba bayanin kowace gaɓa bisa zubi guda, manhaja tana da aiki uku.

Na fari ta ƙulla gaɓoɓi. Abin da ya fita daga gaɓar yanka shi ke shiga gaɓar walda, abin da ya fita daga walda shi ke shiga fenti. Manhaja za ta duba ko sunaye da ma'aunai sun dace, kana ta tara abin da jerin duka ya ci.

Na biyu ta nemo abin da ya faru a wajen masana'anta. Babu mai masana'antar da zai iya zuwa ya auna ramin da aka haƙo ƙarfensa. Sabo da haka aka kafa rumbunan bayani, inda aka tara lissafin dubban ayyuka, kamar yin kilo guda na baƙin ƙarfe ko jigilar tan guda a jirgin ruwa. Mafi shahara shi ne ecoinvent na ƙasar Suwizalan, wanda ya fara fitowa a 2003. Manhajojin da ke aiki da irin waɗannan rumbuna sun haɗa da SimaPro ta ƙasar Holan, da openLCA ta Jamus, wadda kowa ya ke iya saukewa kyauta. A nan akwai wani ƙulli mai ban sha'awa. Yin ƙarfe yana bukatar lantarki, lantarki yana bukatar kwal, haƙar kwal kuma tana bukatar injunan ƙarfe. In mutum ya ce zai bi sawu ɗaya bayan ɗaya, zagaye zai yi ta yi har abada. Maganin abin shi ne a rubuta ayyukan duka a matsayin jerin lissafi masu dogara da juna, a warware su gaba ɗaya. Dabarar ta samo asali daga aikin Wassily Leontief a kan tattalin arziki, wanda ya sami kyautar Nobel a kansa a 1973. Abin da zai ci wa mutum shekaru, kwamfuta ta kan gama shi kafin a sha ruwa.

Na uku ta juya ƙidaya zuwa illa. Ƙidaya ta kan fito da ɗaruruwan abubuwa da aka saki cikin iska da ruwa da ƙasa, waɗanda ba mai iya riƙe su a ka. Sai a tara masu illa iri guda a auna su da ma'auni guda. Wajen ɗumamar duniya, iskar kabon dayoksaid ita ce ma'auni, sauran kuwa a kan ce kilo guda nasu daidai ya ke da kilo kaza nata cikin shekara 100. Amma fa adadin nan ya kan sāke in ilmi ya ƙaru. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba iskar metan 21 a rahotonsa na 1995, ya ba ta 25 a na 2007, ya ba ta 28 a na 2013. Sabo da haka zubi nagari ba zai yarda a rubuta sakamako ba sai an faɗi da adadin wace shekara aka yi aiki.

7. Inda awon ya ke da rauni

Adadin da ya fito daga kwamfuta yana da kwarjini, har mutum ya kan manta cewa hukuncin ɗan Adam yana kwance a ƙarƙashinsa. Zan ambaci wurare uku.

Na fari shi ne rabo. Aiki guda ya kan haifi kaya biyu. Saniya guda ita ke ba da nama da fata. To, cikin abin da ta ci, da metan ɗin da ta fitar tsawon rayuwarta, nawa za a ɗora wa nama, nawa za a ɗora wa takalmi? In an raba bisa nauyi amsa dabam, in an raba bisa kuɗi amsa dabam, in kuwa aka ce fata saura ce da za a yar in ba don majema ba, sai ta tashi ba ta da laifi ko kaɗan. Ƙa'idar ISO 14044 ta ce a guje wa rabo in da hali, in ba hali a bi wata dangantaka ta zahiri, in wannan ma ta faskara a bi wata kamar ta kuɗi. Wannan shawara ce ta jeri, ba ta kashe gardama ba. Maganar kuwa ta shafe mu kai tsaye, tun da fatun da a ke jemewa a Kano Turai a ke kai da yawansu.

Na biyu shi ne wuri. Inji guda, aiki guda, amma in a Norwe ya ke, inda kusan duk lantarki daga ruwa ya ke, haƙƙinsa a kan iska kaɗan ne. In a ƙasar da ke ƙona kwal ya ke, kowace kilowat-awa tana tafe da kusan kilo guda na kabon dayoksaid. In kuwa da janareta a ke tuƙa shi, kamar yadda masana'antu da yawa su ke yi a Nijeriya, sai a lissafa da man dizal, wanda kowace lita ta kan saki wajen kilo 2.7. Rumbunan bayani sun fi ƙoshi da labarin Turai. Inda ba a auna ba, a kan sa ƙasashe da yawa cikin rukuni guda mai suna sauran duniya, a ba su adadi na kintace. Mai nazarin harshe ya san irin wannan rukuni, don ya sha ganin an tattara duk kalmar da ta gagari mai nahawu an ce da ita harafi.

Na uku shi ne abin da zubi bai yi wa gurbi ba. Kwamfuta ba ta ganin abin da ba shi da suna a zubinta. In zubi yana da gurbin ruwa guda ɗaya, ba zai bambanta ruwan da aka ɗiba aka mayar kogi da wanda aka ɗiba ya tafi ke nan ba, ba zai kuma bambanta guga guda a bakin teku da guga guda a bakin hamada ba. Sai a 2014 ISO ta fid da ƙa'ida ta musamman a kan ruwa, mai lamba 14046.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Tun daga 1 ga Oktoba 2023 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu shigo da siminti, da ƙarfe, da alminiyam, da takin zamani, da wasu kaya kaɗan, su riƙa bayyana yawan kabon da aka saki wajen yinsu, kuma dokar ta sa shekarar 2026 ta zama farkon lokacin da kuɗi zai hau kan wannan kabon. Wanda bai kawo adadinsa ba, akwai adadin da hukuma ta tanada za ta ɗora masa. Ke nan ƙasar da ba ta da masu iya auna aikinta, wani ne zai auna mata.

8. Shawara a kan kalmomi

Aikin samar wa Hausa kalmomin ilmi tsoho ne. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi nata, ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi nasa. Darasin da zubin bayani ya ke koya mana shi ne, samun kalma rabin aiki ne, sauran rabin shi ne a tsare ta a kan ma'ana guda.

Kalmominmu na yau da kullum masu faɗi ne, kuma faɗin nan ado ne a zance da waƙa. Wuta tana nufin ta murhu, da ta lantarki, da ta lahira. Mai yana nufin na miya, da na mota, da na shafawa. Ƙarfe yana nufin baƙin ƙarfe, da kowane irin ma'adini mai narkewa, da lokacin agogo. Mafi hatsari ita ce ƙarfi, don mu kan yi amfani da ita wajen abu biyu da kimiyya ta raba: saurin cin wuta, wanda a ke aunawa da kilowat, da jimlar wutar da aka ci, wadda a ke aunawa da kilowat-awa. Yaron da bai raba waɗannan ba, ba zai iya lissafin da mu ka yi a kashi na huɗu ba. Shawarata ita ce a bar ƙarfi ga na farko, a keɓe makamashi ga na biyu, a kuma daure a kan haka cikin aji ko da a kasuwa ba a yi.

Ga sauran kalmomin da na yi aiki da su, domin a duba:

Ɗorewa: iya ci gaba da aiki ba tare da ƙarar da tushensa ba.
Ƙarko: daɗewar kaya ba su lalace ba.
Awon rayuwar kaya: bin diddigin kaya daga ma'adini zuwa juji.
Ma'aunin amfani: aikin da kaya su ke yi, wanda a ke gwaji a kansa.
Gaɓar aiki: mataki guda na sarrafawa, da shigarsa da fitarsa.
Zubin bayani: ƙa'idar abin da za a faɗa da yadda za a faɗe shi.
Rumbun bayani: inda a ke tara bayanin da aka zuba.

Malami ba ya bukatar kwamfuta kafin ya fara koyar da wannan. Ya isa ya kai ɗalibai wurin mai injin niƙa ko mai walda, su zana akwati a takarda, su rubuta abin da ke shiga a dama da abin da ke fita a hagu, su auna abin da za su iya aunawa, kowane adadi da ma'auninsa. Sa'an nan ƙungiya biyu su yi musayar takardu, a ga ko kowace za ta fahimci ta ɗaya ba tare da tambaya ba. Duk inda aka yi tambaya, nan ne zubin ya ke da gibi.

Ina roƙon malaman da su ka gwada waɗannan kalmomi cikin aji su rubuto wa wannan sashe abin da su ka gani, musamman wadda ɗalibai su ka ƙi karɓa da wadda su ka sa a madadinta, domin a gyara kafin a kai ga buga su cikin littafin makaranta.